Ido Ya Kalla, Hankali Bai Gani Ba



Ina roƙon kowa ya miƙe hannunsa gaba, ya dubi farcen babban yatsansa. Faɗin wannan farcen shi ne kusan iyakar abin da ido ke gani tangaran a lokaci guda. Sauran duk na wutsiyar ido ne, dishi-dishi. Abin da ya sa ba ma lura shi ne ƙwayar ido tana tsalle sau uku zuwa huɗu a daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa guntayen, ta miƙo mana hoto kamar cikakke.

Wutsiyar idon nan ba zaman banza take yi ba. Ita ke kama motsi, ita ke sa mutum ya goce wa jifa tun bai san me aka jefo ba. A 2008 Beatrice de Gelder da abokan aikinta sun ba da labarin wani mutum da bugun jini sau biyu ya lalata masa sashen gani na ƙwaƙwalwa, ya makance. Aka jera tarkace a wani lungu, aka ce ya bi ba sanda. Ya riƙa kewaye su ɗaya bayan ɗaya, alhali shi a saninsa bai ga komai ba. Ashe akwai hanyoyin da saƙon ido ke bi ba tare da ya ƙwanƙwasa ƙofar hankali ba.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, idan hankali ya duƙufa kan aiki ɗaya, yakan toshe ma abin da ke gaban ido. A 1999, a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon 'yan ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa aka miƙa ƙwallo. Ana cikin haka wata ta ratsa tsakiyar fili sanye da kayan gwaggon biri. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba.

Wani zai ce ai waɗannan ba ƙwararru ba ne. To, a 2013 Trafton Drew da abokansa a Boston sun saka hoton gwaggon biri a cikin hoton huhu, suka ba likitoci 24 masu karanta irin wannan hoto su nemo alamar ciwon daji. Ashirin daga cikinsu ba su lura da shi ba, kuma na'urar bin diddigin ido ta nuna yawancinsu sun kalli wurin sosai. Wannan sakamakon ya fi tayar min da hankali, domin ƙwarewar ma ba ta kare su ba.

Mukan ce gani ya kori ji. Ni dai a ganina sai an yi wa maganar gyara, musamman a kan titi. Direban da ya buge mai babur a mararraba yakan fito hannu a ka yana cewa, "Wallahi ban gan shi ba!" Sau da yawa gaskiya ya faɗa: mota yake dubawa, ƙwaƙwalwarsa ta tsallake babur. Idan kuma waya na kunnensa, abin ya ƙara muni. David Strayer na Jami'ar Utah ya nuna a 2003 cewa direba mai hira a waya, ko da bai riƙe ta a hannu ba, yakan kasa tuna allunan da idonsa ya sauka a kansu. Gaskiyar direban nan ba ta wanke shi ba, tunda shi ya raba hankalinsa gida biyu.

Saboda haka ina kira ga makarantun koyon tuƙi da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da ke zauren nan: ku koya wa yaranku su duba sau biyu a kowace mararraba, na biyun da niyyar neman babur da mai tafiya a ƙasa, su kuma ajiye waya har sai sun tsaya.