Kukan famfon mai: jawabin kwamitin mota a taron ƙungiya

 

Mu da kunka ɗora wa kula da motar ƙungiya, an ce mu tashi mu yi bayani a kan daren da ta mutu bisa hanyar Maraɗi da mai naƙuda a ciki. Allah ya kiyaye, wata mota ta biyo ta kwashe su, an sauka lafiya. Amma tun ranar magana ta yi yawa cikin gari. Wasu sun ce famfon mai ne, sun daɗe suna jin yana kuka, a fid da kuɗi daga asusu a sayo sabo. Wasu sun ce tsufa ne, a sayar da ita. Mu dai mun buɗe mun duba, ga abin da munka gani.

Motarmu Peugeot 504 ce, bashe, mai shan isansi. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, daga baya anka yi ta haɗa ta a Kaduna, shi ya sa har yanzu ana samun kayanta. Famfonta ba na lantarki ba ne. Yana manne a jikin inji, injin ne ke motsa shi. A cikinsa akwai wata fata ta roba mai hawa da sauka, tana tsotso mai daga tanki tana tura shi karbirata. Irin wannan famfo in yana lafiya da wuya ka ji shi, ƙarar inji ta rufe shi.

To, kukan nan na ƙas-ƙas-ƙas da kuke ji fa? Mun ɗauki dogon turnabis, munka ɗora bakinsa a jikin famfo, ƙotar a kunne, inji yana aiki. Shiru, sai ɗan bugu na ƙa'ida. Munka mayar da shi bisa murfin kan inji, sai ga kukan sosai. Ashe supap ne ke son gyara, aikin da bai kai awa guda ba. Mai yin wannan gwaji ya naɗe hannun riga, ya cire rawani, don farfela ba ta san mai ita ba.

Sannan munka gwada ƙarfin famfon. Munka cire wayar bobin don kada inji ya tashi, munka zare tiyon da ke shiga karbirata munka sa shi cikin kwalba, direba ya murɗa makulli. Famfo mai lafiya yana feso mai da ƙarfi, bugu-bugu. Namu yana tofowa kaɗan-kaɗan, da kumfa. A nan ne makaniki mai gaggawa zai ce famfo ya mutu, kawo kuɗi. Amma kumfa iska ce, iska kuwa daga wani wuri take shiga. Munka sa wa famfon wani tiyo gajere daga galan na mai mai tsabta, sai ga shi yana feshi kamar sabo. Da munka bi layi zuwa baya, munka tarar da tiyon roba ya bushe ya tsage a ƙarƙashin mota, matacin mai kuma ya toshe da rairayi da tsatsa, ko hura shi ba ya yiwuwa. Su ne sunka tsayar da mota. Kuɗinsu duka biyu bai kama ƙafar kuɗin famfo ba.

Rairayin nan kuwa mu munka zuba shi da hannunmu. Ba mu ce kada a sayi man ruwa-ruwa ba, a karkara wani lokaci babu wani. Amma kwalabe da jarkoki suna tara ƙura da ruwa, mu kuma mun daina tacewa da ƙyalle mai tsabta in za a zuba. Wannan laifinmu ne, mun amsa.

Akwai ranar da famfon zai lalace da gaske, ya kamata ku san alamarsa. In fatar ciki ta yage, mai yakan ɗigo ta ɗan ramin da ke jikin famfon, ko kuma ya zurare cikin inji ya gauraya da baƙin mai. Wannan ta biyun ita ce mugu, don ba a gani. Duk safiya direba ya zaro sandar awon mai ya sansana. In ya ji warin isansi, ko ya ga man ya ƙaru ba wanda ya ƙara, ya kuma tsinke kamar ruwa, kada motar ta motsa. A canza famfo, a juye man duka. Wanda ya yi ta tafiya haka, injin gaba ɗaya zai saya.

Da bazara kuma, watan Afrilu da Mayu, mota kan shaƙe ta mutu da tsakar rana, in ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Zafi ne ke mai da isansi tururi cikin tiyo, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. A buɗe gaban mota, a jiƙa tsumma a ɗora bisa famfo, a ɗan jira. In kuma an buɗe murfin tanki aka ji yana zuƙar iska fuuu, ramin numfashinsa ne ya toshe.

Ƴan'uwanmu masu motocin da ba su da karbirata sun tambaye mu nasu. Nasu famfon lantarki ne, galibi cikin tanki yake. In ka murɗa makulli ba ka tayar ba, za ka ji ɗan guri daga baya kamar daƙiƙa 2, sai ya tsaya. Wannan lafiya ce. In gurin ya koma ƙara mai tsini, famfon yana wahala: ko mataci ya toshe, ko tanki ya kusa ƙafewa. Man ne ke sanyaya shi, masu zuba lita 2 lita 3 kullum su ne ke ƙona nasu. In shiru ka ji, duba fizibil da waya tukuna. Wanda sai an bubbugi tanki yake tashi, ya kai ka gareji kawai, kada ka shiga daji da shi.

Abu guda muke roƙo da babbar murya. Dabarar nan ta ɗaura jarka bisa rufin mota a ja tiyo zuwa karbirata, mun hana a motar ƙungiya. Haka tsotson mai da baki, da shan taba kusa da mai gyara.

Abin da muke nema daga asusu: mataci 2 da tiyo mita 1 a ajiye cikin mota, kuma a yarda tankinta kada ya sauka ƙasa da rabi, don naƙuda ba ta sallama. Ran Asabar bayan la'asar za mu buɗe motar a ƙofar Maigari, samarin da ke son koyo su zo, za mu maimaita gwajin kwalba a gabansu.