Bushewar Gashi da Tsagewar Bakinsa

Yau za mu yi magana a kan gashin kai, watau abin da ke sa shi bushewa, bakinsa ya tsattsage, ya riƙa karyewa a mataji. Maganar ta fi shafar mata, iyayenmu da ƙannenmu, amma maigida kada ya tashi, don akwai rabonsa a ciki, akwai kuma na 'ya'yansa. Wani zai ce ina ruwan asibiti da kitso? Da ruwansa. Sau da yawa gashi ne ya kan fara tona asirin ciwon da ke ɓoye cikin jiki, kuma akwai ɓarnar da in an yi wa kai, ba ta gyaruwa har abada.

Yadda gashi ya ke

Kowane silin gashi yana tsirowa ne daga wani ɗan rami cikin fatar kai. Saiwar da ke cikin ramin nan ita ce mai rai, ita ke samun abinci daga jini. Abin da ya fito waje kuwa ba shi da rai, kamar farce ya ke. Shi ya sa a ke yanke shi ba zafi, ba jini. To, ku riƙe wannan da kyau. In mutum ya yanke a hannu, fata ta kan haɗe da kanta. Gashi ba ya yin haka. In ya tsage, ya tsage ke nan.

In an duba sili guda a madubin likita, za a ga bayansa a rufe da 'yan ƙananan ɓawo, wani bisa wani, kamar yadda a ke jera ciyawa a jinka. Muddin ɓawon nan yana kwance, gashi yana riƙe da damshinsa, yana da laushi da ƙyalli. In ya ɗaɗɗaga ko ya zube, sai cikin gashin ya bushe, ya rarrabu kamar bakin tsohuwar igiya.

Gashi ba ya sauri. A wata guda abin da ya ke ƙaruwa bai wuce santimita 1 ba, ko kusa da haka, bai ma kai faɗin yatsa ba. Ashe macen da gashinta ya kai taƙi guda, bakin gashin nan ya yi wajen shekara biyu a kanta. Ya ga hunturu biyu, ya sha rana, ya sha tsifa da kitso ba iyaka. Shi ne tsoho, don haka shi ke fara gajiya.

Har ila yau, fatar kai tana fid da wani mai nata don ta shafe gashi. Amma irin gashinmu a nannaɗe ya ke, man nan ba ya iya bin lanƙwasa har ya kai baki. Sai ka ga gindin gashi da maiƙo, bakinsa kuwa ƙamas. Kowace lanƙwasa kuma wuri ne mai rauni inda sili kan karye.

Abubuwan da ke ɓata shi

Na farko iskar hunturu da ƙurarta, wadda ke fasa leɓe da kaushin ƙafa. Haka ta ke yi wa gashi. Na biyu sabulu mai kaifi. Sabulun wankin tufafi da garin wanki an yi su ne don su cire maiƙo, su kan kwashe man kai ƙaf, su ɗaga ɓawon nan da muka faɗa. Na uku taje gashi a bushe da mataji mai matsattsun haƙora. Ƙarar nan da ku ke ji, ƙas-ƙas, gashi ne ke karyewa. Na huɗu wuta, watau ƙarfen da a ke gasawa a miƙar da gashi. Na biyar man kanti na miƙar da gashi. Da yawa daga cikinsu akwai soda mai ƙuna a ciki, tana narkar da ƙarfin gashi ne kafin ya miƙe, in ta daɗe kuma ta ƙone fata. Wadda ta ga lalle sai ta shafa, kada ta maimaita bisa gashin da ya riga ya sha, sai a sabon tsiro kaɗai, a bar aƙalla wata biyu tsakani. Yara ƙanana kuwa kada a shafa musu ko kaɗan.

Magani

Bakin gashin da ya tsage magani ɗaya gare shi, almakashi. Masu talla za su ce muku ga man da ke haɗe shi. Iyakar abin da mai zai yi ya liƙe tsagar na kwana ɗaya ko biyu, da an wanke ta buɗe. In an bar ta, sai ta yi ta hawa sama har silin ya karye a tsakiya, a yi hasarar da ta fi ta farko. A sami almakashi mai kaifi, a datse abin da ya tsage kawai, kamar faɗin yatsa, bayan kowane wata uku ko huɗu. Almakashi mai dakushi tauna gashi ya ke yi, ya bar sabuwar tsaga. Datsewar nan ba ta sa gashi ya yi saurin tsiro, don tsiro daga saiwa ya ke. Amfaninta ta tsai da karyewa, har tsawon da a ke samu ya zauna.

Sauran aikin duka rigakafi ne. A wanke kai sau ɗaya a mako, ko bayan mako biyu, da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulu mai sauƙi irin na wanka. Fatar kai za a cuɗa da tafin yatsu, kumfar da ta gangaro ta isa wanke baki. Karkashin da kakanninmu ke jiƙawa su wanke kai da shi abu ne mai kyau, don yauƙinsa na sa gashi ya warware ba tare da fizga ba. A dai ɗauraye shi sosai da ruwa mai tsabta.

Sa'an nan mai. Man kaɗanya, da man gyaɗa, da alayyadi, da man kwakwa, duk suna yi, ba sai an sayi na kanti mai tsada ba. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: mai ba ya sa wa gashi ruwa, tsare ruwan da ke ciki ya ke yi. Saboda haka a shafa shi tun gashi yana da ɗan damshi, a fi ba da ƙarfi a baki. Kada a cika kai da mai har ya riƙa kama ƙura. Man shanu in ya kwana biyu a kai ya kan yi ɗoyi, wadda ta shafa ta wanke shi da wuri.

Wajen tsifa, a yi haƙuri. A yayyafa ruwa, a shafa mai, a raba gashi kashi-kashi, a fara warwarewa da yatsu. Sa'an nan a sa mataji mai manyan haƙora, a fara daga baki a yi sama a hankali. In za a fita cikin hunturu ko rana, a ɗaura kallabi. Da dare ma a ɗaura mai santsi, don kada matashi ya yi ta gogar gashi.

Kitso mai tsanani

Kitso yana tsare bakin gashi, abu ne mai amfani. Amma ina kira ga makitsa da iyaye mata, ku sassauta hannu. In an gama kitso yarinya ta kasa barci don ciwon kai, ko aka ga ƙananan ƙuraje a gefen goshi, to ya yi tsanani, a kwance shi a ranar. Ja na yau da gobe, ko nauyin gashin da a ke ƙarawa, shi ke cinye gashin goshi da na gefen kunne. Da fari in an huta ya kan dawo. In aka yi shekaru ana ja, ramukan su kan mutu su zama tabo, ba kuwa man da zai sake tsiro da gashi a kan tabo. A riƙa sauya irin kitso, kada ya wuce mako huɗu zuwa shida a kai, a kuma bar kai ya huta 'yan kwanaki kafin a sake.

Lokacin zuwa ɗakin magani

Zubar sili 50 har zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Mai jego ma, wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa gashinta kan zuba da yawa, haka kuma wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani. Wannan da kansa ya ke dawowa. Amma akwai alamu huɗu da ba a zama da su a gida.

In gashin yaro ya koma ja-ja, ya yi laushi, ya yi ƙaranci, yana tugewa da an taɓa, musamman bayan yaye, ga kuma kumburin ƙafa, to wannan tamowa ce, mai ba zai yi mata kome ba. Wata likita, Cicely Williams, ta yi bayanin ciwon nan a ƙasar da a yanzu a ke kira Gana cikin 1933, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen Ankara ke kiransa, kwashiyoko. Yana kisa. A kai yaron ɗakin magani ran nan. Rigakafinsa kuwa a haɗa wa yaro kunu da tuwo da wake, da gyaɗa, da ƙwai, da kifi, da nono, da ganye irin su zogale.

In mace tana zubar gashi, ga kasala da haki, cikin idonta da tafin hannunta sun yi fari, a je a auna jininta.

In an ga makero a kan yaro, wuri ya yi fili da furfura-furfura, gashin ya kakkarye, ba bushewa ba ce. Ciwo ne mai yaɗuwa ta mataji da hula da askar wanzami. Shafawa kaɗai ba ta kashe shi, sai an sha ƙwayar magani mako shida ko fi. Maigida, ga naka: ka tabbata sabuwar reza a ke yi maka aski da ita, kai da 'ya'yanka.

In ƙwarƙwata ce, a nemi maganinta wurin malamin asibiti. Kada a kuskura a zuba kananzir ko maganin ƙwarin gona a kai. Kananzir na kama wuta a bakin murhu, maganin ƙwari kuwa guba ne, yana shiga jiki ta fata.

To jama'a, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman makitsiyar unguwarku. Abin da ya tsage a datse, abin da ya rage a shafa masa mai da damshinsa, a sassauta kitso, a kuma riƙa duba kan yara. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.