Kada Ku Raba Iyayenku Da Maganin Suga Saboda Zogale, In Ji Likita

A laccar da wani likita ya gabatar wa matasa a Gyaɗi-Gyaɗi, ya ja kunnen 'yan'uwa kan yadda wasu ke sayo garin magani wajen masu lasifika a bakin titin Zariya, su kai wa iyayensu masu ciwon suga, su ce a ajiye ƙwayar asibiti. Ya ce niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa ƙarshenta gyambon ƙafa ne da ba ya warkewa, sai a kwashi tsoho zuwa Asibitin Malam Aminu Kano bayan aikin gama ya gama.

Likitan ya bayyana cewa idan suga ya yi yawa a jini yakan haifar da wata irin tsatsa mai cin ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Jiki yana da nasa sinadaran masu gadi, irin su katalas, da ke wanke wannan tsatsa, sai dai in suga ya daɗe a sama yakan fi ƙarfinsu. Zogale da rama da zoɓo, waɗanda ke jibge a kasuwar Tarauni, suna ɗauke da sinadaran da ke taimaka wa masu gadin nan. Don haka a ci kwaɗo, a sha zoɓo, amma ba irin wanda ake tsuga wa suga a ƙulla a leda ba.

Ya ci gaba da cewa shi bai raina tsiro ba. Ita kanta metformin, ƙwayar da aka fi bai wa masu suga, asalinta daga binciken wani tsiron Turai ne, kuma sai a 1957 likita Jean Sterne ya gwada ta a kan majinyata a Faransa. Bambancin kawai, an auna ta, an san adadin da ke magani da wanda ke cutarwa. Garin da ke cikin leda fa, wa ya auna shi?

Da wani ɗan'uwa ya tambaya yadda za a gane ciwon, sai ya ce a lura da yawan fitsari da ƙishirwa da rama, a kai mutum gwajin jini da safe kafin ya karya. In awo ya kai 126 ko fiye, aka maimaita wata rana ya sake nuna haka, to ciwon ne. Ya kuma nemi kowane matashi ya riƙa duba tafin ƙafar mahaifinsa kullum da dare.