Idan Firgici Ya Haɗu da Ciwon Damuwa



Mutum yana zaune lafiya lau, ko yana tsaye a sahun salla, sai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto masa, ya sakankance ajali ne ya zo. Abin yakan kai maƙura cikin kamar minti 10, sannan ya lafa. A asibiti a auna zuciya, a ce lafiyarta ƙalau. A gida kuwa a ce iska ce, ko sammu.

Idan hakan na maimaituwa, likitoci suna kiransa ciwon firgici. Jiki ne ke kwararo sinadarin adiranalin kamar an yi arba da zaki, alhali babu abin gudu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ke biyo baya. Don tsoron kada ya sake kama shi a bainar jama'a, sai mutum ya daina zuwa kasuwa, ya daina shiga motar haya, har masallacin Juma'a ya gagare shi. Sana'a ta tsaya, zumunci ya yanke. Ta nan ciwon damuwa ke samun ƙofa: barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, abin da ke faranta masa a da ya daina. Wani kuma damuwar ce ke riga zuwa. Idan biyun suka haɗu, tunanin kashe kai yakan fi kusa, shi ya sa kalmar "ka yi haƙuri kawai" ba ta wadatarwa.

Akwai magani. Irin su fluoxetine da sertraline suna aiki a kan cututtukan biyu, amma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ji sauƙi sosai, kuma a kwanakin farko fargabar na iya ƙaruwa. A nan mutane da yawa ke ajiye ƙwayar. Don Allah a koma wurin likita tukuna. Akwai kuma zaman tattaunawa da masani, wanda ke koya wa mutum komawa wuraren da yake gudu, sannu a hankali. A rage goro da kofi. Kada a sayi diazepam a kemis ba da takardar likita ba, domin jiki na sabawa da shi.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da kuma na Dawanau a Kano, duk suna duba masu irin wannan ciwo. Iyaye da 'yan'uwa, wanda kuka ji yana cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.