Gardamar Aminai: Darwin da Hooker



Jawabina a kan aminai biyu ne 'yan Ingila, Charles Darwin da Joseph Hooker, masanin tsirrai. Daga 1843 har mutuwar Darwin a 1882 sun aika wa juna wasiƙu wajen 1,400.

Abin da ya fi burge ni shi ne gardamarsu. Darwin yana ganin iri zai iya ƙetare teku ya tsira a tsibiri, Hooker kuwa ya ce ruwan gishiri zai kashe shi. A 1855 sai Darwin ya jiƙa irin latas da karas da wasunsu cikin ruwan gishiri. Bayan makonni ya shuka, da yawa suka tsira. Amma ya lura yawancin irin nutsewa yake yi, bai kuwa ɓoye wa Hooker wannan cikas ba. Ya koma gwada busassun rassa masu 'ya'ya, ya tarar suna daɗewa bisa ruwa.

Jama'a, yaushe rabon ɗayanmu ya rubuta wa abokin ajinsa yana neman ya gyara masa tunani? Mu farfaɗo da wannan zumunci tun muna da hali.