Jawabi Ga Iyayen Ɗaliban Sakandare Mazauna Sabo, Ibadan



Abin da ya tara mu yau shi ne karatun 'ya'yanmu da ke sakandare. Da yawanmu ba mu yi boko ba, shi ya sa mukan ɗauka ba mu da abin da za mu taimaka wa yaro da shi. Alhali kuwa takardun yaro da lokacinsa a hannunmu suke.

Da farko mu san haƙƙinmu. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma tilas, daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda asalinsa. Saboda haka ɗan Bahaushe yana da haƙƙin shiga makarantar gwamnati a nan Jihar Oyo.

Sai dai rashin takarda yakan sa haƙƙi ya kuɓuce. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Idan sunansa Abdullahi a NIN, a WAEC kuma Audu, zai sha wahala wajen shiga jami'a. Mu karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, mu tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a ko'ina. Takardar shaidar ƙaramar hukumar asali kuwa, a nemo ta daga gida tun yaro yana SS2.

Sai maganar lokaci. Jami'a tana neman kiredit biyar, har da Turanci. Yaron da ya wuni yana sauke kaya a kasuwar Bodija, ko yarinyar da ke talla har isha'i, yaushe za su buɗe littafi? Mu ware masu awa biyu kullum. Tafiya Arewa biki kuma, a bari sai an yi hutu.

Ranar taron PTA mu je da kanmu. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci ya tafi da mai ji, ya tambayi malamin aji halin da ɗansa ke ciki.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba mu ikon sauke nauyinsu. Wassalam.