JAWABI KAN FILI, TAKARDA DA IZININ GINI A YOLA DA JIMETA

 

Jama'a, mafi yawanmu fatauci ne ya kawo iyayenmu gaɓar Binuwai, daga Kano, Katsina, Zazzau da Sakkwato. Allah Ya yi mana zama, mun hayayyafa, kuma burin kowane magidanci shi ne ya bar gidan haya ya shiga nasa. To, a nan ne dukiyar jama'a ke salwanta. Mutum ya tara shekara goma, ya miƙa wa dillali, ya tayar da gini, wata safiya ya tarar da jan fenti a bango.

Abu na farko, mu san wa ke riƙe da ƙasa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo, duk ƙasar jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana, domin amfanin dukkan 'yan Nijeriya. Mu lura da wannan: dokar ba ta ware ɗan asalin jiha ba. Saboda haka kada wani ya ce da mu baƙo ba ya neman fili. Filin cikin birni Gwamna ke bayarwa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Abin da ake ba mutum haƙƙin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, shaidarsa kuma ita ce takardar nan da muke kira C of O.

Abu na biyu, takardar mai unguwa. Muna girmama iyayen ƙasa tun daga Mai Martaba Lamiɗo har masu unguwanni, shaidarsu kuma tana da amfani wajen sanin tarihin fili da maƙwabtansa. Amma sa hannun mai unguwa da shaidu biyu ba ya zama C of O. Kafin mu biya ko sisi, mu tafi Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo a binciko mana fayil: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko kuwa, wurin na gidaje ne ko an ware shi don makaranta, kasuwa ko hanya. Idan kuma fuloti mai takarda muka saya, doka ta ce sai da amincewar Gwamna cinikin zai tabbata. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda jinginar gida ta rushe don ba a nemi wannan amincewa ba. In banki da lauyoyinsa sun yi asara, ina ga mai tireda?

Abu na uku, samun fili daban, izinin gini daban. Tun dokar tsara birane ta 1992, ba a fara gini sai hukumar tsara gari ta yarda, a nan jihar kuwa ita ce ASUPDA. Za mu kai zanen ginin da takardun filin, su zo su duba, su buga hatimi, sannan a haƙa fandisho. Abin da suke dubawa don amfaninmu ne: tazara daga titi, magudanar ruwa, wurin masai da rijiya, da nisa daga wayar babbar wuta. Wanda ya ci hanya da shago ko ya toshe kwalbati, ko a shari'armu ta Musulunci ya shiga haƙƙin maƙwabci.

Abu na huɗu, sharuɗɗan da ke cikin takardar. Akwai harajin fili na shekara-shekara, akwai wa'adin da aka ɗibar wa mutum ya gina. Gwamna na da ikon soke haƙƙin wanda ya saɓa, haka kuma in ana buƙatar wurin don amfanin jama'a. Diyyar da doka ta tanada ta ginin ce da abin da aka kashe a wurin, ba ta ƙasar kanta ba. Mai kangon fili ya san inda ya tsaya ke nan.

Sai maganar fadama. Mun ga abin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka yi wa unguwannin bakin kogi, shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Filin da aka yi mana araha cikin rani, mu koma mu dube shi a watan Agusta. Araha ba ta ado.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a kafa ɗan kwamiti, a sa lauya ɗaya da ɗan safiyo ɗaya daga cikin 'ya'yanmu, duk mai son sayen fili ya fara biyawa ta wurinsu. A kuma taimaka wa zawarawa da marayu su juya takardun gado zuwa sunayensu, domin su ake fara zalunta.

Allah Ya ba mu muhalli na halal, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.